Matakalar gefen jif: kwalliya ce kawai, ko tana da aikin yi?

Tambaya: Na sayi Toyota 4Runner ta 2012, 'yar Amurka, ba ta zo da matakalar gefe ba. Mahaifiyata tana fama da ciwon gwiwa, sai an ajiye mata kujera 'yar tsugunno kafin ta iya hawa. A Kano nake zaune, amma duk wata ina zuwa ƙauyenmu, hanyar kuma da damina sai a hankali. Wasu sun ce min matakalar kwalliya ce kawai, har tana rage wa mota tsayi. Wani mai walda ya ce zai haɗa min da araha, wani kuma yana tallata min mai lantarki, wadda ke fitowa da kanta idan an buɗe ƙofa. Wacce zan sa?

Amsa: Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya saka maka da alheri. Kafin ka je kasuwa, ɗauki tef ɗin awo ka tsaya a gefen motar a wuri mai shimfiɗe, ka auna daga ƙasa zuwa dokin ƙofar baya. A irin motarka za ka samu rabin mita ko fiye. Matakalar bene ta gida kuwa, wadda magini ya yi daidai, ba ta wuce santimita 17 zuwa 18. Ka ga ke nan duk ranar da Hajiya za ta hau motar nan, kamar an ce mata ta haɗa matakalar bene uku ta taka lokaci guda, da zani a ɗaure, da gwiwa mai ciwo. Wanda ya ce maka kwalliya ce kawai, ina kyautata zaton saurayi ne mai dogayen ƙafafu da wando, bai taɓa tallafar tsohuwa a bakin ƙofar jif ba.

Ita matakalar ba sabuwa ba ce. Motocin farko duk da ita aka yi su, saboda a kan shasi mai tsayi aka ɗora su kamar keken doki. Ford Model T da ta fito a 1908 tana da faffaɗan allo a kowane gefe. Da aka fara saukar da jikin mota ƙasa sai aka daina buƙatarta, in ban da Volkswagen Beetle, wadda aka riƙa haɗawa a Legas tun 1975, da ta riƙe tata har ƙarshen zamaninta. Da jif da akori-kura suka cika gari, tsayi ya dawo, matakala ta biyo shi.

Sai dai a nan mutane ke yin kuskuren farko. Ba kowace matakala ce ke raba tsayin gida biyu ba. Da yawa daga cikin waɗanda kamfani ke sawa suna manne ne da ƙasan ƙofa, tazarar da ke tsakaninsu da dokin ƙofa ba ta wuce taƙi guda ba. Hawan farko, daga ƙasa zuwa matakalar, shi ne har yanzu mai tsawo. Ga mai lafiya wannan ya isa. Ga mai ciwon gwiwa, hawan farkon nan shi ne duk matsalar. Don haka idan aka ɗora maka ita don gwaji, kada ka tsaya kallon yadda ta yi wa motar kyau. Auna daga ƙasa zuwa samanta, ka auna daga samanta zuwa dokin ƙofa. Iyakar kusancin awon biyu, iyakar sauƙin da Hajiya za ta samu.

Bayan tsayi sai faɗi, kuma a wurina faɗi ya ma fi. A kasuwa za ka tarar da iri uku da aka fi sayarwa. Akwai shimfiɗaɗɗiya kamar allo, wadda ta taso daga bayan tayar gaba har gaban tayar baya. Akwai ta bututu, mai zagaye ko mai siffar ƙwai, da ɗan faci na roba daidai kowace ƙofa. Akwai kuma wadda aka saukar mata da ɗan mataki ƙasa kamar likkafar doki. Ta bututu mai inci 3 ita samari suka fi so don tana walƙiya, amma inci 3 bai kai santimita 8 ba, kuma saman a lanƙwashe yake. Tsohuwa mai silifas, ƙafarta da ɗan laima bayan alwala ko bayan ruwan sama, idan ta taka wannan bututun zamewa za ta yi, ƙaurinta ya daki ƙarfe. Mai likkafa kuma tana saukowa ƙasa sosai, amma wurin takawar ɗan ƙarami ne, sai mutum ya duba ya saita ƙafa, wajen sauka kuwa ba ya ma ganinta saboda tana ƙarƙashinsa. Abin da ya dace da gidanka shi ne shimfiɗaɗɗiyar, wadda wurin takawarta da ya leƙo waje ya kai santimita 12 zuwa 15, samanta da roba mai gurzabi ko zane mai kama takalmi. Ka lura na ce wanda ya leƙo waje. Wata a ƙasa za ka gan ta da faɗi, amma in an ɗaura rabinta ya shige ƙarƙashin mota.

Wani abu da ba na kasuwa ba amma zai yi mata amfani: masu gashin ƙashi suna koya wa masu ciwon gwiwa cewa wajen hawa lafiyayyar ƙafa ke yin gaba, wajen sauka mai ciwon ke fara taɓa ƙasa. Hannu kuma ya kama mariƙin da ke jikin motar, ba ƙofar ba, domin ƙofa tana motsi. Kuma kada ka yar da 'yar kujerar nan. Ranar da gwiwar ta motsa, kujera da matakala tare sun mayar da hawan gida uku.

Yanzu maganar rage tsayi. Masu faɗa suna da rabin gaskiya. Tazarar da ke tsakanin ƙasa da mafi saukowar ƙarfen cikin 4Runner irin taka ta kai santimita 23 zuwa 24, gwargwadon ko mai jan ƙafa biyu ce ko huɗu. Shimfiɗaɗɗiyar matakala da aka ɗaura daidai tana sama da wannan, don haka a kan kwalta, ko tudun rage gudu, ko ruwan da ya kwanta a titi, ba ta rage maka komai. Inda take zama matsala shi ne inda gefe ɗaya ya faɗa: kwarin da tayar tirakta ta haƙa a laka, bakin kwalbati da ya zaizaye, ko ka tsallaka kunya a karkace. A nan ita ce a waje, ita ke fara dukan ƙasa. An taɓa kawo mana wata jif a gareji da ta hau kan kututture a hanyar gona. Matakalar ta lanƙwasa sama, ta tokare ƙasan ƙofar baya, ƙofar ta ƙi buɗuwa, kuma ƙarfen da ke riƙe da ita ya tura bodin ciki kamar an naushi gwangwani. Kuɗin gyaran bodi da fenti ya fi kuɗin matakalar. Da mai likkafa ce abin ya fi haka muni, domin ita kamar ƙugiya take, duk abin da ta samu sai ta kama. Wannan ne dalili na biyu da ya sa na cire ta daga lissafinka.

Wannan ya kawo mu ga abin da mai sayarwa ba zai tsaya yi maka bayani ba, wato inda ake ɗaura ta. Motoci irin 4Runner, Prado, Land Cruiser, Hilux da Lexus GX 460 suna da shasi daban, bodi daban a ɗore a kai. Su Highlander, RAV4, Venza, RX 350 da CR-V kuwa bodin ne shasin kansa. Matakalar hawa ta yau da kullum a irin motarka a jikin bodi ake ɗaura ta, a ramukan da kamfani ya riga ya tanada a ƙarƙashin ƙofofi. An yi ta ne don nauyin mutum, kuma kamfanonin da ke ƙera ta galibi suna rubuta kilo 130 zuwa 220 da ɗoriya. Akwai wata kuma daban, ta ƙarfe mai kauri, da ake ɗaurewa a jikin shasin kansa, wadda masu shiga duwatsu ke sawa don ta kare bodi, har motar ta kan zauna a kanta ta zame ta wuce. Daga nesa kama suke, amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Ta ƙarfen shasi tana manne da mota sosai kuma tana sama, don haka ba ta taimaka wa mai hawa kamar yadda ake zato. Idan hanyar ƙauyenku laka ce da yashi, ba duwatsu ba, ba ka buƙatarta.

Tunda ba ta ɗaukar nauyin mota, ka sa ido a wurin mai faci. Na ga wannan ya fi a ƙirga. Taya ta yi faci, yaron mai faci ya jawo jak, ya leƙa ya ga ƙarfe a miƙe kusa da hannunsa, ya cusa jak ɗin a ƙarƙashin matakala ya fara bugawa. Mai mota yana can gindin bishiya yana waya. Sai ka ji ƙas, matakala ta yi sama, motar ko motsi ba ta yi ba. Ka tsaya a kansa ka nuna masa shasi. Haka kuma samarin da ke maƙalewa a gefen jif ranar taron siyasa ko ɗaurin aure, mutum uku huɗu a gefe ɗaya mota tana gudu tana faɗawa rami: nauyin da aka rubuta na mutum ne a tsaye mota a tsaye. Ban da haɗarin faɗowa, kusoshin suna yage bodi a hankali.

Batun mai walda. Ba zan ce maka kada ka ba shi ba, domin na ga aikin hannu a Kano da Fanteka ta Kaduna da ya fi wasu na kwali ƙarko nesa ba kusa ba. Sharaɗina ɗaya ne: ya ƙera ta a ƙasa, ya ɗaura ta da bol da noti a ramukan da ke jikin motar, kada ya kai wutar walda jikin motarka. Dalilan suna da yawa. Wuta tana ƙone fentin da ke cikin ƙarfe inda ba mai iya sake shafawa, tsatsa ta fara daga nan. Bututun birki da na fetur da wayoyi a gefen shasi suke bi. A wasu 4Runner da Prado, da kuma GX 460, akwai na'urar KDSS mai daidaita jijjigar mota, wadda bututun manta ke bi ta gefen hagu na shasi, in aka huda ko aka ƙona shi gyaran ba na kowane gareji ba ne. Sannan abin da aka liƙe da walda, ranar da ya lanƙwashe sai an yanka. Idan har ya zama dole a ɗan taɓa wuta, a cire kan batir, a maƙala wayar ƙasa ta injin waldar kusa da wurin aikin, a rufe bututu da jiƙaƙƙen tsumma ko falle.

Ka kuma duba kayan da zai yi aiki da su. Bututun da ake yin ƙofar shago ko kujerar makaranta da shi bai isa ba. Kaurin bangon bututun kada ya gaza milimita 2, ƙarafan riƙon kuma, waɗanda 'yan kasuwa ke kira biraket, a yanko su daga falle mai kaurin milimita 4 ko 5, uku a kowane gefe. Saman ya zama falle mai zane, ba mai santsi ba. A huda ƙananan ramuka a ƙasa don ruwa ya fita, a goge bakin da ke da kaifi don kada ya yanki ƙafa ko ya kama bakin zani, a shafa jan fenti mai hana tsatsa kafin baƙi. Mai waldar da ya ji wannan ya ce ai ba sai an yi haka ba, ka gode masa ka wuce.

Mai lantarki kuwa, a takarda ita ce amsar tambayarka gaba ɗaya, kuma dole in faɗi gaskiya. Idan an buɗe ƙofa tana saukowa ƙasa fiye da galibin kafaffun, wato ta raba tsayin yadda gwiwar Hajiya ke so, idan an rufe ta naɗe ta ɓuya, ba abin da za ta daka a hanya. Lincoln Navigator ta 2003 ce ta fara yayata ta, yanzu ana ganinta a Range Rover da Escalade, har 4Runner Limited akan samu da ita daga kamfani. Amma ka tuna inda injinta yake zaune: a ƙarƙashin mota, bayan taya, inda duk ƙurar hunturu da lakar damina ke sauka. Gaɓoɓinta suna cika da yashi, ta fara ƙara, ta fara tsayawa a rabi, wata rana gefe ɗaya ya fito ɗaya ya ƙi. Mai wankin mota ya ga tana ƙara ya cusa mata giris, giris ya kama ƙura ya zama kamar ƙullun siminti. Wanki take so da ruwa mai ƙarfi akai-akai, da ɗan feshin silikon wanda ba ya riƙe ƙura. Ga kuma haɗin waya: tana karɓar saƙo ne daga makunnin ƙofa, in mai wayarin ya yi haɗin gangan ba fis, ko dai ta riƙa shanye batir cikin dare ko ta jawo wata fitila a dashbod. Wanda motarsa ba ta barin kwaltar Abuja ko unguwar Nasarawa ta Kano, kuma yana da mai wayarin da ya yarda da shi, zai ji daɗinta. Kai da ke ratsa laka duk wata, ina jin tsoron ranar da za ta maƙale a buɗe kana tsakiyar hanya, ko ta ƙi fitowa a ƙofar asibiti.

Saboda haka da ni ne kai, shimfiɗaɗɗiya ta alminiyam zan nema, mai roba a sama, kuma zan fara tambayar ta asali wadda aka ciro daga wata motar, irin kayan Baljiyam, kafin sabuwa ta kwali. Ta asali ramukanta suna faɗawa daidai, ƙarafan riƙonta masu kauri ne. A kasuwar Kofar Ruwa ka faɗi shekarar motar da ajinta, kada ka ce 4Runner kawai. Tsarin motar ɗaya ne daga 2010 zuwa 2024, amma robar da ke rufe ƙasan ƙofofi ta bambanta tsakanin SR5 ta 2010 zuwa 2013 da ta 2014 zuwa 2024, kuma Trail daban take, don haka matakalar wata ba lallai ta zauna a wata ba sai an yanke roba ko an yi dabara. Mafi sauƙi ka je da motar a gwada a gabanka. Ka ƙirga ƙarafan riƙo, ka tabbatar akwai na dama da na hagu, da bol da washa cikakku, domin rabin rigimar da ake yi bayan ciniki a kan biraket ɗaya ne da ya ɓata. Idan sabuwa ce mai ƙyalli aka ce maka sitenles ce, leƙa bakin bututun ta ciki inda aka yanke. Ƙarfen da aka yi wa wankan ƙyalli daga waje cikinsa baƙi ne, kuma damina ɗaya ta ishe shi ya fara ɓawo.

Tunda motarka 'yar Amurka ce, akwai abin da za ka duba tun kafin ka biya kuɗi. A jihohin da ake dusar ƙanƙara ana zuba gishiri a titi, gishirin nan kuma yana cin ƙarƙashin mota. A ɗaga ta a rami ko a kan lif, a haska ramukan da za a ɗaura matakalar. In zaren ciki ya yi tsatsa, a fesa mai a bar shi ya jiƙa, a bi shi da abin gyaran zare, kada a tilasta bol da dogon sifana har ya karye a ciki. In kuwa ƙarfen wurin ya ruɓe har sukundireba tana shiga, sai an gyara shi tukuna, don matakala mai kyau a jikin ruɓaɓɓen ƙarfe tarko ce.

Sauran amfaninta kuwa za ka gan su da kanka. Tana tare tsakuwa da lakar da tayar gaba ke watsa wa ƙofofi, tana karɓar gogar Adaidaita Sahu a cunkoson Kantin Kwari kafin ta kai ga fenti, kuma in kana ɗaure buhu a kariyar saman mota ko yaro yana wanke rufin mota, ga wurin tsayawa maimakon a taka kujera. Man da za ta ƙara maka sha ba abin lissafi ba ne, ta alminiyam guda biyu ba su kai rabin buhun siminti ba. Aibinta na kullum shi ne laka. Tana taruwa a samanta, kai kuma da ba ka buƙatar takawa sai ka zuro ƙafa kai tsaye ƙasa, bayan wandonka ya share ta. Farar shadda ranar Juma'a ta sha wannan. Maganinsa ka saba taka ta wajen sauka, ka kuma ce wa mai wanki ya riƙa kai ruwa bayanta da kan ƙarafan riƙon, inda laka ke kwana tana jiƙa ƙarfe.

Ranar ɗaurawa, a sa duk bol ɗin da hannu tukuna ba a ƙulle ba, a daidaita ta, a buɗe ƙofofi huɗu a rufe a ga ba inda take gogawa, sannan a ƙulle. Kai da kanka ka hau tsakiyarta ka yi ɗan tsalle, ka hau kowane ƙarshe. Ɗan sassauci kaɗan ba laifi, amma in ka ji ƙara ko ka ga tana sunkuyawa, akwai abin da bai zauna ba. Bayan tafiyarka ta farko zuwa ƙauye ka koma a sake bin bol ɗin da sifana, domin gargada tana kwance sabon ɗauri. Kuma kafin ka sallami mai aikin, in da hali ka kawo Hajiya ta hau ta sauka sau biyu da takalmin da ta saba fita da shi. Wasu ƙarafan riƙon suna da dogon rami da ke ba da damar jawo matakalar waje da santimita biyu ko uku, kuma ita ce za ta gaya maka ko a jawo.